Ki fara da 'yan ajinki

Malama, kin ce kina koyarwa a firamare a Tudun Wada, kina son rubuta wa yara littafi amma kin rasa ta inda za ki fara. Ni ma daga aji na faro.

Ki rubuta gajeren labari ki karanta wa ɗalibanki. Duk inda suka fara surutu, ki yanke wurin. Kuskuren da na tafka shi ne cusa nasiha a kowane shafi har yaran suka ƙosa.

Kada ki yi gaggawar kai wa maɗaba'a. Ki sami edita ya duba ƙa'idojin rubutu, ku kuma rubuta yarjejeniya da mai zane kan haƙƙin hotunan. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaidar da ake ba kowane littafi, a Laburaren Ƙasa ake karɓa. Ki riƙa leƙa zaman ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kaduna, a can na sami masu gyara mini.