Fumfuna a Randa da Tankin Ruwa: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Wata uwa daga Mai Wurno ta rubuto: "Likita, cikin randarmu yana yin baƙi-baƙi da yauƙi, ruwan kuma yana warin ruma. Yara daga nan suke sha. Akwai illa?"

Baiwar Allah, sa hannu ki shafi cikin randar. Wannan santsin da za ki ji tarin ƙwayoyin cuta ne da fumfuna suka haɗu suka manne, irin su Asfajilus da Fenisiliyum da Fusariyum. Koren da ke bayan randa kuwa yawanci gansakuka ce. Mai lafiya idan ya sha ɗan abin da ke ciki, galibi ba ya yi masa komai, sai dai wari da ɗanɗano mara daɗi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, randar da aka bari har ta yi yauƙi, to ba fumfuna kaɗai ta tara ba. Kwalarar da ta ɓarke a ƙasar nan ta Sudan a 2024 ta ruwa take bi, kuma ita ba ta jira.

Ki riƙa juye randar duk mako, ki dirje ta da soso, ki kife ta a rana ta bushe. A rufe bakinta, a rataye moda mai dogon hannu, kada kowa ya tsoma kofinsa. Ruwan kogi in an sa masa garin ƙwayar zogale ya kwanta, ya yi kyan gani ne kawai. Sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar kulorin a jira rabin awa.

Wani daga Gadarif ya ce: "Mahaifina yana da ciwon suga, kuma ana yi masa maganin ciwon daji. Ruwan tanki muke sha."

Malam, a nan ne maganar ta yi nauyi. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar Baba, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, shi fumfuna ke kayarwa. Kuma sau da yawa ba ta ciki take bi ba, ta numfashi ne da rauni a fata. Ƙwayoyinta na tashi cikin feshin ruwan wanka ko daga bangon bayi mai danshi, su sauka a huhu ko cikin hanci. A jerin fumfuna 19 masu haɗari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, wani nau'in Asfajilus na cikin huɗun farko. Kulorin kuma bai cika gamawa da ita ba idan ta riga ta kama bangon tanki, sai an kwashe ruwan an goge. Ku ba shi tafasasshen ruwa, da shi kuma za a wanke masa kowane gyambo. Zazzaɓin da ya ƙi sauka, tari da jini, ko kumburin gefen fuska da baƙin ɓawo a hanci, a kai shi asibiti ran nan, ba gobe ba.

Wani manomi daga Sinnar: "Ƙafata ta kumbura shekara biyu, ba ta ciwo, tana fitar da ruwa da ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi. An ce ruwan rafin gona da nake sha ne."

Ɗan'uwa, ba shan ruwa ne ya jawo ba. Wannan ya yi kama da maisitoma, wadda ake ce wa madura. Fumfunar tana cikin ƙasa, ƙaya ce ke shigar da ita ƙarƙashin fata, kuma ta yi yawa a Jazira da Sinnar da Farin Nilu. Rashin ciwon nan shi ke yaudarar mutane har ta ci ƙashi a kai ga yanke ƙafa. Ka je a gwada, domin akwai wadda bakteriya ke kawowa, maganinsu daban. Ta fumfuna tana son shan magani na watanni, sau da yawa har da tiyata. Kada ka yarda a tsaga ko a yi maka sakiya. Ka riƙa sa takalmi a gona.

Wata kuma ta tambaya ko tafasawa na kashe gubar fumfuna. Tana kashe ita fumfunar, Hajiya, amma gubarta da ake kira afalatoksin ba ta jin wutar girki. Ita kuma a gyada da masara da dawar da aka adana da danshi ta fi taruwa, ba a randa ba, kuma tana jawo ciwon dajin hanta. Gyadar da ta yi ɗaci ko kore-kore a zubar, kada a niƙa ta cikin dakuwa.