Amsa: shin dokar ILO tana aiki a kotunanmu?

Ɗan'uwa ka ce kamfani ya sallami yayanka ba tare da an faɗa mishi dalili ba, kuma kana tambaya ko dokokin ƙwadago na duniya suna da tasiri a nan Sakkwato. Eh suna da shi, amma bari in ɗan koma baya.

ILO, wato Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, an kafa ta ne a 1919 bayan yaƙin duniya na ɗaya cikin yarjejeniyar Versailles, kuma yarjejeniyarta ta farko kan awannin aiki ce, awa 8 a rana, 48 a mako. Najeriya ta shiga a 1960. To matsalar da aka daɗe ana fama da ita sashe na 12 ne na kundin tsarin mulki, wanda ya ce ko mun sa hannu kan yarjejeniyar ƙasa da ƙasa sai majalisa ta maida ita doka kafin alƙali ya taɓa ta, shi ya sa da can ma'aikaci zai je kotu a ce mai gida na da ikon kora da dalili ko babu, shike nan ka tattara takardunka ka koma gida.

Gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ne ya canza lamarin, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa damar amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago da muka amince da su, har da kyawawan ɗabi'un aiki na duniya, kuma tuni ta sha cewa kora sai da hujja.

Ka ce mishi ya adana takardar ɗauka aiki da ta sallama da sulif ɗin albashi, kar ya bari a ƙwace, ya nemi lauya da wuri.