Tambayoyin Masu Karatu: Yaya abin da ido ba ya gani ke nutsewa ƙasan teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce daga Daura. An koya mana wai ƙananan halittun teku ne ke kai datti can ƙasan teku, to abin da ko ido ba ya gani ina ya samu nauyin nutsewa?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, wallahi tambayar nan ta min daɗi. Sunansu filankiton, wasu kamar gansakuka suke, suna rayuwa a saman ruwa inda hasken rana ke kaiwa, wajen mita 200, su shaƙi iskar kabon su fitar da oksijin, kusan rabin oksijin da ake samarwa a duniya aikinsu ne.

Kin yi gaskiya, guda ɗaya ba ta da nauyi. Amma kin san in an tace kamu aka ajiye a roba, a hankali zai kwanta ƙasa ruwa ya tsaya sama ko? To kusan haka ne, sai dai su suna fitar da wani yauƙi mai danƙo, matattunsu da ƙura da ɓawonsu duk su manne su dunƙule su yi ta gangarowa fari-fari, har masana ke ce masa dusar ƙanƙarar teku. Wasu ɓawonsu kamar gilashi ne, irin su dayatom, wasu na alli, wannan ɓawon ke ƙara wa curin nauyi. Sannan ƙananan dabbobin da ke cinsu, da dare su hau sama su ci, gari na wayewa su koma ƙasa, kashinsu a dunƙule yake fita, yana saurin nutsewa sosai, na wasu ma yakan yi ɗaruruwan mita a yini.

Zurfin teku a matsakaici wajen mita 3,700 ne, tafiyar na iya ɗaukar makonni, a hanya kifaye da bakteriya na ta ci, abin da ke isa ƙasa bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba, amma shi ne abincin halittun da ke cikin duhun can, kuma kabon ɗin da ya sauka yakan yi ɗaruruwan shekaru bai dawo sama ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne hazon hunturun nan da ke rufe mana Daura da Katsina. Da yawansa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ɓawon dayatom, iska ta kwashe shi har tekun Atlantika, ƙarfen da ke ciki ya zama taki ga filankiton, sauran ƙurar kuma ta manne a curin ta ja shi ƙasa.