Shin Faɗar Halin Malamin da Ya Ci Amanar Ɗaliba Giba Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a wata Islamiyya. An kama wani abokin aikinmu yana keɓewa da wata ɗaliba bayan an tashi, yana taɓa jikinta, kuma ya amsa laifinsa a gaban shugaban makaranta. An sallame shi a asirce don kada sunan makarantar ya ɓaci. Yanzu wata makarantar 'yan mata za ta ɗauke shi, sun kuma tambaye ni halinsa. Idan na faɗa, na yi giba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, abin da hukuncin ya rataya a kansa shi ne mutumin zai sake tsayawa a gaban 'ya'yan mutane, kuma an nemi shawararki. Saboda haka faɗar gaskiya ta wajaba a kanki. Haramcin abin da ya aikata kuwa babu saɓani a kai.

Akwai masu cewa a yi shiru saboda hadisin suturta Musulmi, wasu har su ce sai da shaidu huɗu. Wannan kuskure ne. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa fallasa aibin waɗanda aka damƙa wa amanar sadaka da waƙafi da marayu wajibi ne idan buƙata ta kama, kuma nasiha ce, ba giba ba. Wanda aka damƙa wa tarbiyyar yara ya fi cancanta da shiga wannan sahu. Shaidu huɗu sharaɗi ne na tsayar da haddin zina, babu malamin da ya gindaya shi kafin a hana mutum shiga aji. Rufin asirin da makarantarku ta yi ma ba ya kare ta, domin ranar da maganar ta fito, iyaye za su janye 'ya'yansu mata, wasu su daina karatun ke nan, malaman kirki kuma su koma abin zargi.

Sai dai ki tsaya a kan abin da ya tabbata. Kada ki ce ya yi zina alhali ba zina ya amsa ba, domin wannan ƙazafi ne. Ki faɗa wa shugaban waccan makarantar shi kaɗai, kada ki baza a WhatsApp, kuma kada ki ambaci sunan yarinyar.

Ba ki faɗi ko iyayenta sun sani ba. Idan an ɓoye musu, a sanar da su, domin hakkinsu ne su kai ƙara gaban hukuma. Ke kuma ki ja ta a jiki, ki nuna mata cewa ba ita ce mai laifi ba.

Allah ne mafi sani.