Murya: amsar tambayar hoton da ke cikin kwalin gem

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce ka sayi gem biyu na Switch, na'urar gem ɗin nan ta Nintendo, ka buɗe ɗaya ka tarar da zane ya cika cikin kwalin, ɗayan kuma fari fat, shi ne kake tambaya ko na biyun jabu ne. Na ji har wasu sun fara zuga ka ka mayar. Kar ka mayar da komai, ba da wannan ake gane jabu ba. Takardar bangon nan guda ɗaya ce tal, zura ta ake yi a ƙarƙashin ledar da ke jikin kwalin. Kamfanin da ya fitar da gem ɗin, in ya ga dama ya buga ta gaba da baya, in bai ga dama ba ya bar bayan fari, ko ya cika shi da ƙananan rubutun gargaɗi da garanti da ba mai karantawa. Buga fuska biyu ƙarin kuɗi ne, iyakar maganar kenan. Gem ɗaya ma sai ka ga na Turai daban, na Amurka daban, na Japan daban.

Sannan abu biyu ne kuke haɗawa. Akwai hoton ciki, wanda aka yi don ka hango shi ta jikin roba in ka buɗe. Akwai kuma bangon da ake juyawa. Zaro takardar ka duba tsakiyar bayanta, in ka ga sunan gem ɗin a tsaye, a wurin da ke fitowa idan an jera kwalaye a kanta, to wannan an yi shi ne don ka juya shi ya koma waje.

Ku da kuka taso a Switch ba za ku gane ba, da can ina za ka ga hoton ciki? Kwalin gem na PS2, wato PlayStation 2, baƙi ne a Amurka, shuɗi a Turai, ba a ganin komai ta jikinsa. Abin da ke ciki shi ne littafin bayani, da ɗan gurbin nan na ajiye memori kad a saman faifai. Na Wii fari ne. Na Xbox 360 kore ne mai ɗan haske, kana hango hoton amma duk ya rine. Da PS3 ta zo a 2006 da kwali garau kamar gilashi, a nan masu zane suka samu fili. PS4 ta dawo da shuɗi, ya sake dusashe launin. Switch kuwa, 2017, kwali garau, katin gem ɗin ɗan mitsitsi a kusurwa, duk sauran wurin fili ne. Shi ya sa in an bar shi fari yake yi maka ciwo a ido. Ga Switch 2 ta zo da ja, to wannan... bari dai in bar shi, kar mu yi nisa.

Kuma fa littafin ya tafi. Kamfanin gem na Ubisoft ya sanar tun 2010 cewa zai daina saka littafin takarda, sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Amma duba kwalinka, 'yan maƙalan nan na riƙe littafi suna nan a gefen hagu, ba abin da suke riƙewa.

Ni abin da nake so ku gane, bangon gaba ba na mai zane ba ne, na 'yan talla ne. Su ke cewa a saka gwarzo riƙe da bindiga yana hararar mutane, a manna tambarin shekaru, ESRB a Amurka, PEGI a Turai, a Jamus kuma na USK ƙato ne, ya cinye kusurwa guda, shi ya sa can ake yawan buga bayan takardar babu tambarin. Zanen da masu gem ɗin ke so da gaske, sau da yawa ciki ake tura shi. Ka ɗauki BioShock Infinite na 2013. Aka fito da bango, Booker, gwarzon gem ɗin, ya saɓa bindiga a kafaɗa ya sunkuyar da kai, masoya gem ɗin suka yi caa. Ken Levine, wanda ya jagoranci gem ɗin, bai ɓoye ba, ya ce an yi bangon ne don jawo wanda bai taɓa jin labarin gem ɗin ba, ya gan shi a shago. Sai aka ba jama'a zaɓi su kaɗa ƙuri'a kan na ciki, jan nan mai hoton Songbird, ƙaton tsuntsun cikin gem ɗin, ya ci. Doom na 2016 ma haka, bangon gaba soja ne tsaye ƙiƙam kamar na kowane gem ɗin harbi, aka yi ƙuri'a a Twitter, wanda ya ci shi ne mai kama da na asali na 1993, shi kaɗai a kan tudu shaiɗanu sun yi masa rubdugu. Kowa ya san wanne ya fi, amma wanda ya fi ɗin shi aka ɓoye.

Wanda har yau ban huce ba shi ne Ico. Wallahi duk sanda aka yi maganar bango sai ya faɗo mini. 2001, PS2. Fumito Ueda, shi ya jagoranci gem ɗin, shi da kansa ya zana bangon, ya bi salon wani mai zane ɗan Italiya, Giorgio de Chirico. Gini ne gari guda, ƙasa rawaya, yara biyu 'yan ƙanana suna gudu riƙe da hannun juna, inuwarsu ta miƙe zungureriya. Ba ka ma kunna ba ka riga ka ji kaɗaicin da ke cikin gem ɗin. Japan da Turai suka samu wannan. Amurka fa? Wani yaro aka ɗora, fuska kamar 'yar tsanar roba, ga ƙaho, riƙe da sanda, yana muzurai. Wa zai ga wannan ya san abin da ke ciki? Gem mai sanyi irin wannan, a sayar da shi kamar na dambe! Na san za a ce a Amurka aka fara fitar da shi, an yi sauri. Saurin me? Mutane sun shekara suna gina gem, a rasa... kai, a bar maganar. Mega Man na 1987 ma an yi masa haka a can, amma shi abin dariya ya zama, na Ico takaici ne.

Yauwa, ga masu son juyawa. Buɗe kwalin ka ɗan lanƙwasa shi baya kaɗan, ledar za ta saki da kanta, sai ka zaro takardar a hankali da busasshen hannu. Kar ka fizga, gefen sama ne ke fara yagewa. Kuma in kwalin irin mai ramukan nan ne, waɗanda aka yayi a zamanin Xbox 360 da Wii, da aka huda jikinsu da siffar alamar sake sarrafa roba wai don rage roba, ka yi hattara da babban yatsanka. Ba komai a bayan takardar a wurin ramin. Ni akwai wanda na ba wani aro, ya danna wajen rufewa, ya dawo mini da shi da rami a tsakiyar bangon, har yana tambayata wai ba haka yake ba tun asali. Irin wannan kwalin, ka samu wani lafiyayye mara rami ka mayar da takardar can, kafin ka ba kowa aro.