Tambayi Gwani: Faswod sun yi min yawa, ina zan zuba su?

Salam Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, ina kuma tallan kaya a Facebook da Instagram, ga asusun banki biyu ga imel, wallahi faswod sun yi min yawa har na koma sa sunan autana da shekarar haihuwarsa a ko'ina. Ƙanena ya ce in sauke manhajar da ke ajiye su duka, amma in aka fasa ta ai an kwashe ni gaba ɗaya ko?
Maman Abba, Gwammaja

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsoronki ba na banza ba ne, an taɓa yi. A 2022 ɓarayin intanet sun shiga kamfanin LastPass na Amurka, mai irin wannan manhajar, suka kwashe kwafin akwatunan da mutane ke ajiye faswod ɗinsu. Akwatunan a kulle suke, babbar kalmar sirrin mai akwatin ce kaɗai ke buɗewa, to amma wanda tasa 'yar guntuwa ce sai kawai su sa kwamfuta ta yi ta canka har ta dace.

Duk da haka abin da kike yi yanzu ya fi haɗari nesa ba kusa ba, sunan autanki fa duk wadda ta zo suna ta san shi, kuma mukulli ɗaya kika yi wa shago da gida da sito. Ki bi shawarar ƙanenki. Cikin irin waɗannan manhajojin, Bitwarden kyauta ce, KeePass kuma a cikin na'urarki take ajiyewa, ba a intanet ba, sai dai in na'urar ta ɓata ba ki da kwafi shi ke nan. Babbar kalmar ki haɗa ta da kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangi da juna, ban da karin magana don kowa ya iya, ki rubuta a takarda ki jefa can ƙasan adaka, don in kika manta kamfanin ma ba zai iya dawo miki da ita ba.

Ni fa a garin nan na fi jin tsoron masu ƙwacen waya a kan ɓarayin Amurka. In aka fizge wayar a adaidaita sahu ba ta da kulle, layinki na ciki, lambar da banki ke turowa hannunsu za ta faɗa. Saboda haka ki kulle allon waya, ki sa wa sim ɗin lambar sirri shi ma, ki kunna tabbaci mataki biyu (wato ƙarin lambar da ake nema kafin a shiga) a imel da WhatsApp, na imel ɗin in da hali da manhajar Google Authenticator mai ba da lambar maimakon saƙon tes. Lambar sirrin katin banki kuwa a kanki za ta zauna, kar ki tura wa kanki ita a WhatsApp kamar yadda 'yan kasuwa da yawa ke yi. In kuma wayar ta lalace za ki kai gyara, ki cire sim, ki fita daga manhajar faswod ɗin kafin ki miƙa ta.