Tambaya da Amsa: Teburin Sakamako Ya Ƙi Haɗuwa da Na Ɗalibai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina manhajar makaranta da Laravel (tsarin gina manhajar yanar gizo da harshen PHP) da MySQL (rumbun adana bayanai). Ina da teburin `dalibai` da na `sakamako`, ina son kowane sakamako ya rataya a kan ɗalibinsa. Da na buga `php artisan migrate` sai ya ce ba zai iya haɗa makullin da ke ɗaure teburan biyu (foreign key) ba, kuskure mai lamba 1215. Na sake bugawa, sai ya ce wai teburin `sakamako` yana nan tuni. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙorafi na biyun reshen na farkon ne. MySQL ba ya janye ginin teburi idan aiki ya tsaya a tsakiya, don haka ya gina `sakamako`, ya makale wajen ɗaura makullin, ya bar teburin a tsaye, Laravel kuma bai rubuta cewa an kammala ba. Goge wannan teburin da hannu, sannan ka koma kan tushen matsalar.

Sau da yawa laifin na nau'in ginshiƙi ne. Tun daga Laravel 5.8, lambar `id` ta asali babbar lamba ce marar alamar ragi, wato `bigint unsigned`. Idan ka rubuta `$table->integer('dalibi_id')`, ka haɗa ƙwarya da murfin tukunya: girman ya bambanta, alamar ma ta bambanta, MySQL kuwa ba ya sassauci a nan. MySQL 8 ya fi faɗin gaskiya, yakan ba da lamba 3780 ya ce ginshiƙan ba su dace ba. Maganin shi ne `foreignId`, wanda ya zo da Laravel 7:

`$table->foreignId('dalibi_id')->constrained('dalibai');`

Lura da sunan da muka sa a cikin `constrained`. In ka bar shi fayau, Laravel zai ƙirƙiri jam'i da ƙa'idar Turanci, ya tafi neman teburin `dalibis`, wanda babu shi. Wannan tarko ne ga duk mai sa wa tebura sunayen Hausa. Haka ma a model ɗin `Dalibi`, wato fayil ɗin da ke wakiltar teburin a Laravel, sai ka rubuta `protected $table = 'dalibai';`, in ba haka ba can ma zai yi ta lalube.

Sai jerin fayiloli. Laravel yana bin kwanan wata da lokacin da ke farkon sunan kowane fayil ɗin migration, wato fayilolin da ke gina tebura. Idan na `sakamako` ya riga na `dalibai`, ɗa ya riga uba zuwa ke nan. Canza lambobin sunan fayil ɗin `sakamako` domin ya biyo bayan na `dalibai`. Ka kuma tabbata duka teburan suna kan injin ajiya na InnoDB ne, domin injin MyISAM ba ya aiki da makullin haɗi.

In duk wannan bai warware ba, buga `SHOW ENGINE INNODB STATUS` a MySQL, ka karanta sashen `LATEST FOREIGN KEY ERROR`. A nan ake samun cikakken dalilin. Kada ka kusanci `migrate:fresh` a kan rumbun da mutane ke amfani da shi. Yana share tebura duka.

Tambaya: Tebura na cike da bayanai tun bara. Na zo ɗaura makulli yanzu, sai kuskure 1452. Wani ya ce in kashe `FOREIGN_KEY_CHECKS`, wato binciken makullin haɗi, kawai.

Amsa: Ba mu goyi bayan wannan shawarar ba, rufe ciwo ne da tsumma. Lamba 1452 na nufin akwai marayun layuka: sakamakon da ke nuni ga ɗalibin da aka riga aka goge. Zaƙulo su haka:

`SELECT s.* FROM sakamako s LEFT JOIN dalibai d ON d.id = s.dalibi_id WHERE d.id IS NULL;`

Ɗauki kwafin rumbun tukuna, sannan ka goge su ko ka gyara lambobinsu. Wani lokaci za ka tarar sifili aka zuba a wurin maimakon `NULL`, wato alamar gurbin da babu komai a cikinsa. Sifili ba lambar kowa ba ce, shi ma za a ƙi shi. Idan kana son ginshiƙin ya karɓi `NULL`, sa `nullable()` kafin `constrained()`, domin in ya biyo baya ba zai yi tasiri ba. Daga nan ka zaɓi abin da zai faru ranar da aka goge ɗalibi: `cascadeOnDelete()` zai tafi da sakamakonsa duka, `restrictOnDelete()` zai hana gogewar. Ga bayanan jarrabawa, na biyun muka fi so.